Yadda na haɗa dosiyen neman aikin malamin dabbobi, daga tambur har gwajin hannu

Duk wanda ya fito daga makarantar horar da malaman dabbobi a nan Kamaru, ta Marwa ce ko ta Fumban ko ta Jakiri, takarda iri ɗaya yake riƙe da ita da sauran 'yan ajinsa. Shi kuwa mai ɗaukar aiki, likita ne mai kantin magani a Garwa ko shirin wata ƙungiya mai rigakafin awaki a ƙauyukan Kuseri, ba ya son cinikin biri a sama. So yake ya san ko hannunka ya taɓa kama jijiyar wuyan sa, ko ka iya lissafin magani ba tare da ka kashe wa mutane dabba ba, kuma wa zai tsaya ya ce ya ga aikinka da idonsa. Na bi wannan hanya tun daga tagar makaranta har sa hannu a kwantiragi, na kuma rubuta ta daki-daki saboda ƙannenmu masu fitowa, don rabin wahalar da ke ciki ta rashin sanin abin da za a fara da shi ce.

Tasha ta farko ofishin takardun ɗalibai ne na makaranta. Ainihin difloma ba ta fitowa ranar da aka kafe sakamako, don haka abin da ake fara ba mutum shi ne atestasiyo, wato takardar shaidar cin jarrabawa, da takardar maki. Ka karɓi duka biyun. Wasu na barin takardar maki wai ba ta da amfani, alhali ita kaɗai ke nuna darussan da ka zauna wa, irin su duba nama a mayanka, kiwon kaji da cututtuka masu yaɗuwa. Kafin ka bar bakin tagar, ka fito da takardar haihuwarka da katin ɗan ƙasa ka gwada su harafi da harafi. Mu 'yan arewa sunayenmu sun sha wuya a hannun masu rubuta su da Faransanci: Aboubakar a wannan takarda, Aboubakary a waccan, ga kuma masu “né vers”, wato waɗanda aka kiyasta shekarar haihuwarsu, da ranar haihuwarsu ke sauyawa daga takarda zuwa takarda. Idan ka ga saɓani, ka nemi a gyara tun takardar tana hannunsu. In gyara bai yiwu ba, akwai takardar da ake kira certificat d'individualité, wadda ke shaida cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne. Gara ka tanade ta yanzu da ka ji labarinta a bakin mai karɓar dosiye, wato tarin takardun neman aiki, ranar rufewa.

Daga nan sai ofishin sufurefe, wato jami'in mulki na gunduma, inda ake tabbatar da cewa fotokofi ya yi daidai da asali. Kowane kofi da tambur ɗinsa, wato kan sarki na haraji da ake manna wa takarda, kuma tun shekarar 2023 tambur ya koma sefa 1,500 daga 1,000. Kofi biyar sun tashi 7,500 ke nan, ban da kuɗin fotokofi da na mashin. A ofishin haraji ko baitulmali ake sayensa, a wasu wuraren ma inji ne ke buga shi a jikin takardar. Kada ka saya a hannun yaran bakin ƙofa. Takardu biyu ne suka shafi difloma, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ɗaya kofin da aka tabbatar, ɗaya kuma shaidar cewa ka nuna asalin, wato attestation de présentation de l'original, wadda gwamna ko firefe (na gaba da sufurefe) ko sufurefe ke sa wa hannu. Jarrabawar shiga aikin gwamnati kan nemi duka biyun, ƙungiyoyi da 'yan kasuwa galibi kofin ya ishe su. Na je da sassafe, sakatare ya dubi asali ya mayar mini, ya jera kofina cikin babban littafin sa hannu ya ce in dawo da azahar. Da azahar aka ce maigida ya fita rangadi. Babu abin yi sai zaman benci a inuwar darbejiya tare da masu neman takardar fili da 'yan makaranta, kowa ya rungume ambulansa. Ba wulaƙanci ba ne, haka aikin yake, amma ranar da kake jiran sa hannu ɗaya sai ka ji kamar duk shekarun karatunka sun tsaya a kan biron mutum ɗaya. Abin kiyayewa kawai: asali a nuna, a mayar cikin jaka, kada ya kwana a ofis.

Kaziye, wato shaidar cewa kotu ba ta taɓa ɗaure ka ba, ana neman mai lamba 3, kuma daga kotun yankin da aka haife ka take fitowa, ba ta garin da kake zaune ba. Wanda aka haifa a Mokolo yana zaune a Ngaundere sai dai ya yi tafiya ko ya aika wa ɗan'uwa kofin takardar haihuwa da kuɗin tambur. Watanni uku ne ranta. Haka ita ma shaidar lafiya ta asibiti, kuma masu ɗaukar aiki da yawa ba sa karɓar kofin da tabbatarwarsa ta wuce wata uku. Saboda haka waɗannan ba su ake fara nema ba. Na bar su sai da na ga sanarwar aikin da nake so da ranar rufewarta, sannan na bi su. Wanda ya tara su tun ranar gama makaranta, kafin aiki ya fito sun mutu a hannunsa, sai sabon kuɗi.

Duk waɗannan kowa yana da su. Inda dosiye ke rabuwa da dosiye shi ne shaidar istaj, wato zaman koyon aiki a hannun ƙwararru, kuma ita ta fi cin lokaci. Na koma cibiyar kula da dabbobi ta gwamnati inda na yi istaj lokacin kamfen ɗin rigakafi, na tarar an yi wa shugaban da na yi aiki a ƙarƙashinsa canjin wuri. Sabon ya ce, kuma da gaskiyarsa, ba zai sa hannu a kan aikin da bai gani ba. Sai da aka buɗe rajistar cibiyar aka ga sunana a takardun fita daji, sannan na bi tsohon shugaban inda aka mai da shi. Na ce, “Dokta, Allah ya ƙara girma, shaidar aikin da na yi a hannunka na zo nema.” Ya ce, “To ɗana, je ka rubuto abin da ka yi, in karanta. Abin da na sani zan bari, abin da ban sani ba zan soke.” Ya kuwa soke layi ɗaya, inda na sa taimakon haihuwa, ya ce ranar riƙe fitila na yi. Ban yi musu ba, don takardar da aka soke wa layi ta fi wadda aka sa wa hannu ido rufe daraja. Shaidar da ta ce “wane ya yi istaj a nan kuma ya nuna hali nagari” ba ta sayar da kowa. Wadda ke aiki tana ɗauke da ranar farawa da ta gamawa, ƙauyuka ko kasuwannin da aka je, irin dabbobin, irin allurar da aka yi da kiyasin kawunan da suka bi ta hannunka, ɗibar jini in an yi, duba nama in an yi, sannan sunan mai sa hannu da muƙaminsa da hatimi da lambar wayarsa. Ka buga ta da kanka ka kai, domin shugaban cibiya ba shi da lokacin zama ya tsara maka jimla.

Abin da ya sa na iya rubuta ta da adadi shi ne littafin aiki. Littafi ne na 'yan makaranta mai bango mai ƙarfi, an ja masa layuka: kwanan wata, wuri, irin dabba da yawanta, abin da aka gani, abin da aka yi, sunan magani da lambar rukunin da ke jikin kwalba, awon da aka ba da da inda aka soka, yadda dabba ta kwana bayan kwana uku, sai gurbin sa hannun wanda ke kula da kai. Idan rigakafi ne na LANAVET, wato ɗakin binciken gwamnati da ke Bokle kusa da Garwa, ka rubuta sunansa yadda yake a kwalba, Perivax na ciwon huhun shanu, Capripestovax na annobar awaki da tumaki, Symptovax na harbin daji, Pastovax da sauransu. Gurbin nan na “bayan kwana uku” shi ne mafi wuyar cikawa, don sai ka koma ruga ko ka kira makiyayi, amma shi likita ke fara dubawa. Kada ka tsabtace littafin. Akuyar da ta mutu bayan magani a rubuta ta, wuyan da ya kumbura bayan allurar huhu a rubuta shi da abin da aka yi masa. Littafin da kowace dabba ta warke a cikinsa, duk wanda ya san aikin ya san a ɗaki aka cika shi dare ɗaya. Ƙarshen kowane wata shugaban cibiya ya buga hatimi a shafin ƙarshe.

Da shaidu a hannu na zauna rubuta CV, da Faransanci, shafi biyu. Jerin makarantu tun daga firamare na rage shi zuwa layi uku, filin na bar wa aikin hannu. Maimakon “na ƙware a allura” na sa irin allurar, ƙarƙashin fata ko cikin nama ko cikin jijiya, a wace dabba, a wane wuri, wace shekara, kowane layi da shaidar da ke goyon bayansa a cikin dosiye. Akwai abubuwan da muke rainawa alhali su ke raba gardama a nan arewa. Na farko harshe: Fulatanci, Larabcin Shuwa, Barbarci, Hausa, ka faɗi wanda kake iya yi wa makiyayi bayanin ranar da zai daina sayar da nono bayan magani, ba wanda kake gaisuwa da shi kawai ba. Na biyu lasisin babur, aji A. Na uku cika fom a waya da manhaja irin KoboCollect da ɗaukar lambar wuri ta GPS, don shirye-shiryen ƙungiyoyi rahotonsu a waya yake. Hotuna na sa guda huɗu a shafi ɗaya, kowanne da rubutun abin da ake yi a ƙasansa. A nan a yi hattara ta fuska biyu. Hoto na iya tona asiri: hannu cikin saniya mai naƙuda ba safar hannu, ko kwalbar rigakafi a rana kan sirdin babur, ya isa a ajiye dosiyenka. Sannan makiyayi ba ya son a ɗauki garkensa gaba ɗaya, kuma a zamanin nan na satar shanu da garkuwa da mutane yana da hujja. Ka nemi izini, ka ɗauki hannunka da dabba ɗaya, kada fuskar mai ita ko alamar rugarsa su fito.

Na yi rajista a ofishin FNE, asusun samar da aiki na ƙasa, kyauta ne, kuma wasu sanarwar ta can suke bi. Sauran a allon delegasiyo, wato ofishin yanki na ma'aikatar kiwo, MINEPIA, ake kafe su, ko su zo ta rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Wadda na nema ta wani shiri ce na rigakafin ƙananan dabbobi. Takardun na jera su daidai yadda sanarwar ta lissafa su, ambulan ɗaya, sunan muƙamin a bayansa. Mai karɓa ya rubuta ni a rajista, na roƙi ya buga hatimin karɓa a kofin wasiƙata, ya buga. Duk sanarwar da ta ce a tura kuɗin duba dosiye ta waya zuwa lambar wani mutum, a bar ta ta wuce. Jiran kira ya ɗauki makonni, kuma shi ne lokacin da zuciya ta fi raya wa mutum cewa an riga an raba aikin tsakanin 'yan gida. Na ci gaba da bin wani likita kasuwar shanu ina riƙe masa kaya, littafina na ƙaruwa, har saƙo ya shigo.

Jarrabawar rubutu awa ɗaya ce, yawancinta lissafi da ajiyar rigakafi. Wanda ya saba zuba magani da ido a nan yake faɗuwa. Saniya mai kilo 250 da sammore: ƙullin diminazen mai giram 2.36 ana narka shi a ruwa mililita 12.5, ya ba da mililita 15, wanda ya ishi kilo 300, wato mililita 5 ga kowane kilo 100, ita ke nan za ta sha 12.5 cikin nama can ciki. Ibamektin, maganin tsutsa da ƙwarin fata, mai kashi 1 cikin 100, mililita 1 ga kilo 50, ƙarƙashin fata, nata 5. Oksitetrasikilin, maganin ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, mai kashi 20, mililita 1 ga kilo 10, nata 25, kuma a raba wuri biyu don kada nama ya ƙurje. An tambayi shekarar da duniya ta sa wa kanta don kawar da annobar awaki da tumaki, 2030, da shekarar da aka sanar an gama da bushiya, 2011.

Gwajin hannu a bayan ofis aka yi shi, kuma shi ne ainihin jarrabawar. An ɗaure saniya ɗaya da awaki biyu, wani dattijo na riƙe da igiya, ga tebur da sirinji da allurai da ma'aunin zafi da tef ɗin awo da akwatin sanyi. Wanda ya riga ni shiga kai tsaye ya nufi tebur. Ni na fara da dattijon: “Baffa, sannu da aiki. Yaushe ta fara? Tana tuƙa? An ba ta wani magani kafin yau?” Daga baya na ji wannan ma da makinsa, don makiyayi kan riga ka soka wa dabbarsa abin da ya saya a kasuwa, in ba ka tambaya ba sai ka ninka mata. Na sa ma'aunin zafi a dubura na jingina shi da bango don kada ya auna kashi, lafiyayyar saniya tana tsakanin 38 da 39 da ɗan kai. Na buɗe fatar ido na ga launinta, na taɓa kaluluwar gaban kafaɗa, na zagaya tef a ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba don kiyasin nauyinta. A kan tebur an ajiye tarko biyu: kwalbar oksitetrasikilin mai kashi 5 kusa da mai kashi 20, da wata da kwananta ya wuce. Ba a ce komai ba, ana kallon wanda zai karanta jikin kwalba kafin ya zuƙa. Sai akwatin sanyi. Likitar da ke gwada mu ta ce, “Malam, shirya mini shi kamar za ka ƙauye.” Ana son sanyi tsakanin 2 da 8. Rigakafi na ruwa irin na harbin daji ba ya son daskarewa, don haka ba a manna shi da ƙanƙara, sai an raba su da kwali. Busasshe mai rai irin na awaki zafi ne ke kashe shi, ruwan narka shi ma sai ya yi sanyi, kuma da an narka a ƙarar da shi kafin awa biyu. A zafin Afrilu na Marwa, da ke haura 40, wannan ba wasa ba ne. Sirinjinsa tafasa shi ake yi, ba a wanke shi da alkol ko wani maganin kashe ƙwayar cuta, don ragowarsa zai kashe rigakafin a yi ta soka wa awaki ruwa. Ƙarshe aka ce in ɗebi jinin akuya. Babban yatsa a gindin wuya har jijiya ta taso, bakin allura yana kallon sama, kwalba mai jan murfi a jingine ta ba girgizawa, mai murfi launin shunayya, wato mai hana daskarewa, a juya ta a hankali, kowacce a rubuta mata lamba nan take. Hannuna ya ɗan yi rawa a sukar farko, ba wanda ya tanka.

Ganawar baki ba ta daɗe ba. Sun buɗe littafin aikina a tsakiya, ba a farko ba, suka ɗauki layi ɗaya suka ce in ba da labarinsa. Sannan tambayar da nake ganin ita ce ma'auni: an kira ka ruga, sa ya faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura bai daskare ba, mahauta na tsaye da wuƙa, me za ka yi? Amsa ita ce ba a buɗe shi, ba a feɗe shi, ba a ja shi a ƙasa, domin ana zargin ciwon saifa, wanda ke kama mutum kuma ƙwayarsa ke shekaru a ƙasa. A nisanta mutane da sauran garke, a kira shugaban cibiya ko likita nan take. Abin da suke saurare shi ne ko ka san iyakarka. Malamin dabbobi a ƙarƙashin likita yake aiki, kuma wanda ya cika baki cewa yana fiɗa yana rubuta magani shi kaɗai, tsoro yake ba likitan da sunansa ke rajistar ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa, don in ta ɓaci shi za a tuhuma. A ruga kowa “dokta” yake ce mana, amma kada ka ɗauko wannan suna ka shigo da shi ɗakin ganawa.

Sun kira mutum biyu cikin waɗanda na ba da lambarsu. Na riga na sanar da kowannensu, na kuma tuna musu watan da muka yi aiki tare, don babu abin da ke kashe dosiye kamar a kira mutum ya ce “wane ne kuma wannan?” Na ukun wani Arɗo ne da na sha yi wa garkensa rigakafi. Ba ya rubutun boko, amma shaidar irinsa cewa yaro yana zuwa in an kira shi kuma ba ya tsawwala kuɗi, tana da nauyi wurin masu aiki da makiyayi.

Ga wanda har yanzu yake makaranta, abin da zan ce shi ne ya sayi littafin nan tun istaj na farko, kuma kada ya bar kowace cibiya sai da shaidarta a hannu, tun shugaban da ya san fuskarsa yana kan kujera. Takardun ƙananan horo na kwana biyu ko uku da ƙungiyoyi ke bayarwa a ajiye su, amma a sa waɗanda suka shafi aikin da ake nema kawai; tarin takardar halartar taro ba ya cike gurbin shaidar aiki ɗaya mai hatimi. Kowace takarda a ɗauke ta a waya a tura wa kai ta imel, saboda damina da gara.

Kwantiragin na karanta shi kafin in sa hannu, a zaune, ba a tsaye ba. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ce lokacin gwaji sai an rubuta shi, kuma ga ma'aikaci irinmu ba ya wuce wata shida har da sabuntawa. Na tambayi rajistar CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, da wanda zai sayi man babur da gyaransa, da sunan likitan da zan riƙa kai wa rahoto, aka rubuta su. Irin waɗannan shirye-shirye da wa'adinsu suke zuwa, ranar da kuɗinsu ya ƙare ofis rufewa yake, ma'aikata su watse. Don haka tun ana saura wata guda ka nemi takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bayar, ka kuma roƙi likitan ya rubuta maka wata daban mai lissafa ayyukan da adadinsu, don ta dokar kwanan wata da muƙami kawai take ɗauka.